Likitar da ke ce wa kowa "mi vida"

Ina aikin sajfam, wato ungozomar asibiti, a wata matarnite, gidan haihuwa, ta cikin Maraɗi lokacin da aka kawo mana likitoci daga Kuba. Abin da na sani game da ƙasar bai wuce abin da mushe, wato malaminmu, ya faɗa mana a lakwal muna ƴan makaranta ba: tsibiri ce a tsakiyar teku, kuma suna noman rake. Da labarin ya iso, abokan aikina suka sa ni gaba da tsokana, wai tunda ni ƴar garin Tsibiri ce da ke kusa da Maraɗi, in shirya tarbar dangina.

Wadda aka turo ɓangarenmu likitar mata ce. Mun sa ran ganin Baturiya, sai ga baƙar mace gajera, kakkaura, ta ba hamsin baya, gashinta a aske da furfura jefi-jefi, tana tafiya kamar wadda ta bar tukunya bisa wuta. Matan da ke jiran awo suka riƙa gaishe ta da Hausa, suna zaton ƴar Kwatano ce. Da ba ta amsa ba suka ce girman kai gare ta. Alhali ba ta jin Hausa ko kaɗan, Faransancinta kuma ɗan tsinto ne, rabinsa Sifaniyanci. Majo, shugaban ma'aikatan jinya, ya ce in zama bakinta da kunnenta. Ban so ba, don na san aikina zai ninku, amma ba a musu da majo.

Safiyar da muka fara aiki tare, wata tsohuwa ta rako jikarta mai cikin fari. Jikar ta ƙi shiga ɗakin awo, tsohuwar ma ta toge a bakin ƙofa tana ƙare wa baƙuwar kallo. Likita ta miƙa mata hannu tana murmushi, ta ce: "Ven, mi vida."

A bakinsu harafin v kamar b yake fita, saboda haka abin da kunnenmu ya ji shi ne "mi bida". Mu kuwa a Maraɗi "mi" muke cewa inda wasu ke cewa "me", kuma "biɗa" muke cewa a madadin "nema". Tsohuwar ta gyara lulluɓi ta ce:

"Mi nike biɗa? Lahiya nike biɗa, ɗiyata. In ba biɗar lahiya ba, mi ka kawo mutum nan da sassahe?"

Ta juyo gare ni: "Ashe tana jin Hausa kuka ce ba ta ji."

Dariya ta hana ni ba da amsa. Tsohuwar kuwa ta ja jikarta suka shiga, tunda a ganinta likitar da ta fara da tambayar abin da kake biɗa ta san aikinta.

Da farko na ɗauka kalmar tana nufin majinyaciya, domin duk matar da ta hau gadon awo haka take ce mata. Sai na ji ta faɗa wa mai shara. Na ji ta faɗa wa mai gadi, dattijo mai carbi. Ran da na ji ta ce wa majo "gracias, mi vida" don ya miƙo mata alƙalami, na kasa haƙuri. Da muka zauna shan kafe, wanda take dafawa baƙi ƙirin a wata ƴar butar ƙarfe da ta zo da ita, na tambaye ta.

Ta dafa ƙirjinta. Ta ce da Faransancinta mai ɗingishi: "Vida, rai ke nan. Mi vida, raina."

Na ajiye kofi. "Likita, majo kike ce wa raina? Yana da iyali fa."

Ta yi dariya har ta sarƙe. Ta ce a garinsu mai sayar da burodi ma haka take ce wa duk wanda ya zo saye, direban bas ma haka yake ce wa tsohuwar da ke hawa. Ba soyayya ba ce irin wadda nake tunani. Hanya ce ta nuna wa mutum ka gan shi, kuma ba ka ɗauke shi banza ba.

Na ce mata mu nan mace ba ta faɗin sunan mijinta, ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, balle ta ce wa wani namiji raina a gaban jama'a. Ta saurara da kyau. Daga ranar ba ta sake ce wa majo ko mai gadi haka ba. Abin mamaki, bayan ɗan lokaci mai gadin ya tare ni ya ce ko ya yi wa likita wani laifi ne, ya ga ta daina tambayarsa abin da yake biɗa.

Kalmar ta biyo ni gida Sabon Gari. Ina da ɗiyar fari, a lokacin tana aji na farko a koleji. Kamar yadda aka tashe ni, ban taɓa kiran sunanta ba, sai dai "ke" ko "yarinyar nan". Ban taɓa yabonta a gaban mutane ba, ban taɓa rungumarta ba tun da ta bar goyo. Ba don ba na sonta ba, kowa ya san haka abin yake. Wata rana zazzaɓi ya kwantar da ita, ina shafa mata ruwa a goshi, sai na ji bakina ya ce "sannu, mi vida". Ta buɗe ido ta ce: "Mi kika ce?" Na ce magani ne nake karantawa. Ban ji kunya ba, domin ba Hausa na yi ba, kuma ba sunanta na kira ba. Na ci gaba da faɗa mata jefi-jefi in muna mu biyu. Ban taɓa fassara mata ba, ita ma ba ta sake tambaya ba, amma na lura in na faɗa takan sunkuyar da kai tana murmushi.

A wurin aiki kuwa kunnena ya buɗe, na soma jin kalmar ko'ina a bakin likita, kuma ba kullum take nufin abu ɗaya ba. In kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke ana tsakar aiki, sai ta ɗaga kafaɗa ta ce "así es la vida". In motar asibiti ta ƙi tashi, ko kafenta ya ƙare, haka za ta ce. Na gane wannan shi ne "haka duniya take". A nan sai na ga bambanci, domin mu duniya muke ɗora wa laifin, su kuwa rai. In zafin bazara ya tsananta, ta tsaya ƙarƙashin fanka da ba ta juyawa, sai ta ce "¡qué vida!", wanda a wurinmu zai zama "kai, duniya!". Na ce mata kalma ɗaya suke wahalarwa, mu kuwa mun raba mata aiki uku: akwai rai, akwai rayuwa, akwai duniya.

Ita ma ta shiga koyon namu. Ta ji mai gadi na ce mata "ranki ya daɗe", na fassara mata, ta ce ba a taɓa yi mata gaisuwa mai daɗin wannan ba. Wata rana na shigo rai a jagule saboda wani ɗan kabu-kabu ya watsa mini ruwan taɓo, na ce "raina ya ɓaci", na kuma juya mata shi Faransanci kalma-kalma. Ta zabura ta kama wuyan hannuna tana neman bugun jini. Da ƙyar na fahimtar da ita fushi kawai nake nufi. Na ƙara mata da cewa a wurinmu rai yana yin fari, yana yin baƙi, yana yin sanyi, ana sa shi a kan abu, ana cire shi. Ta girgiza kai ta ce namu ran hawainiya ne.

Amma akwai inda ban taɓa jin ta ce "así es la vida" ba, shi ne in majinyaciya ta mutu. An taɓa kawo mana wata mata daga wani ƙauye gaba da Tsibiri, ta daɗe tana naƙuda a gida. Kafin a kai ta ɗakin tiyata rai ya yi halinsa. Na fita na gaya wa danginta yadda muka saba, na ce sai haƙuri, kwana ya ƙare. Likita ta biyo ni idonta jajawur, ta ce in tambaye su tun yaushe naƙudar ta fara, kuma wa ya hana a kawo ta da wuri.

Na ce: "Ba yanzu ba, likita."

Ta ce: "Yanzu. Gobe wata za su kawo."

Na ce: "Uwarta ce wannan da ke zaune ƙasa. In na faɗi abin da kike so yanzu, ba za su sake taka asibitin nan ba, su da duk ƙauyensu."

Ta dube ni kamar za ta cinye ni, sannan ta juya ta shige ofis. Na ɗauka mun ɓata ke nan. Da aka tashi aiki ta same ni ina wanke hannu, ta tambaye ni yaushe ne lokacin faɗa, in ba yanzu ba. Na ce sai an yi sadakar uku, hankali ya ɗan kwanta. Ta ce to in kai ta. Muka je ran hutunmu. Ta yafa gyale, ta cire takalmi, ta zauna kan tabarma cikin mata, ta maimaita "Allah shi jiƙan rai" yadda na koya mata a hanya. Sai da aka sha fura, aka saba da ganinta, sannan ta fara bayani ina fassarawa: in ƙafa ta kumbura, in kai na sara, in jini ya ɓalle, in rana ta fito ta faɗi mace na kan gwiwa, a kawo ta. Ba ta zargi kowa ba. Ungozomar ƙauyen ta fi kowa tambaya. A ranar na san wace ce aka haɗa ni da ita. Mai zuciya ce, amma in aka nuna mata hanya tana bi, ko da wanda ya nuna bai kai ta ilimi ba.

Abin da ya sa danginmu suka san ta ya faru ne da bazara. Kawuna, yayan Innata, manomin rani ne a Jiratawa. Ɗiyarsa, taubashiyata, ta haifi tagwaye a gida da hantsi, jini ya ƙi tsayawa. Aka sako ta a bayan wata mota mai ɗaukar albasa. Da aka sauke ta, tafin hannunta fari fat kamar takarda, tana kallona ba ta gane ni ba. Na tsaya a kanta na rasa ta inda zan fara. Likita ta dafa ni ta ce: "Yau ba ƴar'uwarki ba ce, aikinki ce. Sa mata ƙarin ruwa." Muryarta ta dawo da ni hayyacina.

Ana bukatar jini, wanda ke ajiye bai isa ba. Mazan da suka rako ta suna zaune ƙarƙashin itacen bedi a tsakar asibiti, mijinta da ƙannensa da ƴaƴan Kawu. Na gaya musu, kowa ya sunkuyar da kai. Ba mugunta ba ce. Tsoro ne, an daɗe ana cewa in aka ɗebi jinin mutum ba zai ƙara iya riƙe hauya ba. Ina cikin lallashi sai ga likita ta fito da rigar tiyata. Ba ta jira fassarata ba. Ta nuna jijiyar hannunta ta ce da Hausa: "Jini." Ta nuna ɗakin da mai jegon take ta ce: "Rai." Ta sake cewa: "Jini, rai. Maza-maza." Iyakar Hausarta ke nan, ta juya ta koma ciki da gudu.

Kawu ne ya fara miƙewa, tsoho mai farin gemu, yana naɗe hannun riga. "Ɗiyata, kai ni inda ake ɗiba."

Na ce: "Kawu, shekarunka sun wuce."

Ya ce: "To su waɗanda nasu ba su wuce ba, ga su nan zaune."

Bai ɗaga murya ba, amma kafin ya rufe baki samarin sun yi layi, mijin a gaba.

Aikin ya ɗauki lokaci. Ina riƙe mata kayan aiki ina jin tana magana ƙasa-ƙasa da harshenta, tana yi wa taubashiyata faɗa kamar tana jinta. Wani abokin aikinta ɗan ƙasarsu ya leƙo ya tambaye ta, ta ce: "Entre la vida y la muerte." Ban bukaci fassara ba, tsakanin rai da mutuwa ko a wane harshe kamanninsa ɗaya. Can bayan la'asar tansiyo, wato awon ƙarfin jininta da ya faɗi, ya fara hawa. Likita ta cire safar hannu, ta zauna kan wani ɗan benci, ta jingina kai da bango, ta ce: "Está con vida." Tana da rai. Na fita na gaya wa Kawu. Ya ɗaga hannu sama, hawaye na bin gemunsa.

Da ya gan ta daga baya ya rasa irin godiyar da zai yi. Ya ce in gaya mata Allah ne mai rai, amma ta hannunta ya maido musu da shi. Ta ce in gaya masa ita tela ce kawai, ɗinki ta yi, jinin ƴaƴansa ne ya yi sauran.

Saboda jinyar mai jego ba a yi taron suna ba sai daga baya, kuma Kawu ya ce ba za a yi ba sai da likita. Muka tafi Jiratawa. Bayan an ci an sha, ya ce sai ta ga gonarsa. Wanda bai taɓa zuwa wurin da rani ba zai yi mamaki: ka baro Maraɗi ƙasa a ƙone, ka gangaro gulbi sai ka ga kore shar, albasa da tattasai da alkama, ga zogale layi-layi, ruwa na bin magudanan siminti. Likita ta durƙusa ta ɗebi ƙasa ta shinshina. Ta ce ubanta ma manomi ne, taba yake nomawa. Ta tambaye ni ko da wannan gonar Kawu ke "ganarse la vida". Na ce ban gane ba. Ta ce wato da ita yake samun rayuwarsa, kamar yadda ake samun lada ko a ci gasa. Na ce mu "neman abinci" muke cewa. Ta ce wanda ba shi da gona ko albashi kuwa, yana ta faɗi-tashi, shi "buscarse la vida" yake yi, neman rayuwa. Da na gaya wa Kawu, ya ce ai wannan ƴan cin rani ke nan, kowa ya san su.

Aka shimfiɗa mana tabarma gindin mangwaro, matar Kawu ta kawo kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli. Likita ta cire takalmi, ta tsoma ƙafafunta cikin magudana, ta ci da hannu yadda ta ga muna yi, yaji na sa ta hawaye amma ba ta daina ba. Ta lumshe ido ta ce: "¡Esto es vida!" Wannan kam na gane da kaina. Ba numfashi take nufi ba, ba wahalar duniya ba. Tana nufin wannan shi ne jin daɗi, don irin wannan ake zaman duniya. Ban taɓa ganinta a zaune ba ta sauri ba sai ranar.

Damina ta shigo, ta kusa fita, sai wata safiya na tarar da ita a ofis ba ta dafa kafe ba. Ta ce an kira ta a waya, uwarta ta rasu, har an binne. Hanya da nisa, ko ta tafi ba abin da za ta tarar, ga mata cike da benci suna jiran awo. Ta ɗaga kafaɗa kamar yadda take yi in kuran ya ɗauke, ta ce "así es la vida", amma muryarta ta karye a tsakiya. Ta sa rigar aiki ta duba kowa har mace ta ƙarshe.

Na je Tsibiri na gaya wa Innata, wadda ta san likita tun ranar sunan tagwaye. Inna ta tambaya: "Wa ke zaune da ita?"

Na ce ba kowa, sai abokan aikinta biyu, su ma maza ne.

Inna ta tafa hannu. "Uwar mutum ta mutu shi zauna shi ɗai kamar maye? Ku ƴan boko ba ku da kirki. Tahi ki ɗauko mini ita."

Na ce Inna, ba Musulma ba ce, ban ma san ko tana wani addini ba.

"Na tambaye ki addininta? Uwa gare ta, ta rasa."

Na ɗauko ta. Inna ta shimfiɗa tabarma a rumfar tsakar gida, ta zaunar da ita kusa da ita, ta aika maƙwabta. Kafin azahar gida ya cika. Matan Tsibiri da ta taɓa karɓar haihuwarsu suka zo da goyonsu. Ƴan Jiratawa suka zo mota guda, Kawu ya tsaya daga zaure da maza. Kowace ta shigo sai ta durƙusa ta ce: "Ina haƙuri? Sannu da rashi." Na koya mata ta ce "haƙuri sai ma'aiki", ta yi ta faɗa har ta daina iya faɗa, ta kifa kai a cinyar Inna ta yi kuka sosai. Inna ba ta hana ta ba, tana dai shafa mata kai tana cewa: "Yi abinki, ɗiyata. Rai baƙon duniya ne."

Da ta natsu ta tambaye ni me Inna ta ce. Na fassara. Ta ce uwarta ma takan ce rai aro ne. Ta ba mu labarinta, ina juyawa Hausa. Wanki da guga take yi wa mutane, ba ta iya karatu ba sai da ta girma, amma ita ta tsaya ɗiyarta ta zama likita. Ta ce "toda la vida", wato iyakar rayuwarta, ba ta taɓa ganin hannun uwarta a bushe ba, kullum cikin ruwan sabulu yake. Matan suka yi ta gyaɗa kai, don kowace ta san irin wannan hannun. Wata tsohuwa ta tambaya ko a ƙasarsu sun san da lahira. Likita ta ce suna ce mata "la otra vida", ɗaya rayuwar. Ta ce ita dai ba ta da tabbas, amma uwarta ta yarda da ita ƙwarai. Tsohuwar ta ce to ai shi ke nan, mai tafiyar ita ta san inda za ta.

Ta yi kwanaki a gidan Inna, tana zuwa aiki daga can. Inna ta koya mata dama fura, ita kuma ta hana Inna cin gishiri da yawa, suka yi ta rigima a kan haka ba mai jin harshen wani.

Da wa'adinta ya cika ta tafi. Mun raka ta tashar mota, ni da Inna da taubashiyata da tagwayenta. Ba ta iya ban kwana ba, ta rungumi kowa da sauri ta shige mota. Ta kira ni sau da yawa a farko, daga baya aka tura ta wata ƙasa, lambarta ta daina shiga. Ni ma aka canza mini wurin aiki. Shekaru suka wuce ban ji ɗuriyarta ba.

Bara ina zaune a tsakar gida ina tsince shinkafa, sai ga saƙon murya daga wata lamba mai tsawo. Na buɗe, na ji muryarta, ta ɗan dushe amma ita ce. Ta ce da ƙyar ta samu lambata ta hannun wani tsohon abokin aiki. Sannan ta ce: "Hermana, ¿qué es de tu vida?"

Kowace kalma na san ta. Hermana ƴar'uwa ce. Sauran kuwa in aka jera su, "mene ne na rayuwarki" suke bayarwa. Amma ban taɓa jin an haɗa su haka ba, sai na ce ko wani mummunan labari ta ji a kaina. Na aika mata na ce likita, wannan ba ki koya mini shi ba.

Amsar ta zo da dariyar nan tata mai sarƙewa. Ta ce abin da ake ce wa wanda aka daɗe ba a gani ba ke nan: ina kika shiga, wane labari, me duniya ta yi da ke.

A wurinmu amsar irin wannan tambaya kalma biyu ce, "lafiya lau", ko da kuwa gidanka ne ya ƙone. Na danna zan faɗi haka, sai na fasa. Na ture tiren shinkafa gefe, na gyara zama, na ba ta labari tun daga farko. Na gaya mata Inna ta rasu shekaru biyu bayan tafiyarta, cikin barcin rana, ba ta yi jinya ba. Na gaya mata Kawu ya bar wa ƴaƴansa gona, gwiwa ta hana shi, amma kullum sai an kai shi a amalanke ya zauna yana yi musu faɗa. Tagwaye sun shiga lakwal, ɗaya na son karatu, ɗaya ba ya so. Na gaya mata na yi jika, kuma ni ma yanzu gishiri aka hana ni. Na yi ta magana har wayar ta yanke saƙon da kanta, na sake dannawa na ci gaba daga inda na tsaya. Ranar ba a ci abincin rana a gidana ba sai bayan la'asar.